Sunansa a Takardar Mota, Sunanta a Takardar Bashi

Saudatu ba ta gama tsayar da motar ba Mansir ya fito daga gida riƙe da ɗan littafinsa. Bai amsa sallamarta ba. Ya buɗe ƙofar direba tana zaune, ya sunkuyo ta kan kafaɗarta, ya karanta lambobin da ke jikin mita, ya rubuta.

"Daga nan Yelwa zuwa asibitinku kilomita tara ne," ya ce. "Zuwa da dawowa sha takwas. Yau ashirin da huɗu nake gani. Ina shidan suka shiga?"

"Dorothy na kai gida. Ƙafafunta ne suka kumbura, ba ta iya tsayuwar jiran keke."

Dorothy abokiyar aikinta ce a ɗakin gwajin jini, tebur ɗaya suke zama. Mansir ya san ta, ya sha cin shinkafar da take aiko musu lokacin Kirsimeti. Amma sai ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana kallon kujera.

"Dorothy ce ta tura kujerar nan baya haka? Yaushe ta ƙara tsawo?"

"Ciki gare ta, Baban Zinariya. Wata takwas."

Ya sunkuya ya shinshini wurin jingina kai. Matan gidan da ke kallon nasu suna zaune a ƙofa suna tsinke zogale, duk suka sunkuyar da kai kamar ba su gani ba. Saudatu ta ɗauki jakarta, ta kama hannun 'yarsu Zinariya, ta shige ciki kunya kamar ta nutse.

Motar ƙarama ce, ruwan toka, 'yar Beljiyam. Ƙungiyar ma'aikatan asibiti ce ta saya miliyan uku da rabi, ta ɗora ribarta ya zama miliyan huɗu da dubu ɗari takwas, ana cire dubu ɗari a albashin Saudatu kowane wata har shekara huɗu. Mansir ne ya matsa a karɓa. Shagon buga takardu da kwafi yake da shi kusa da jami'a, ba shi da albashin da za a cira. Shi ne ya ɗauki fom da hannunsa ya kai wa Malam Babayo, shugaban ɗakin gwajin, dattijo mai jikoki, ya durƙusa ya roƙe shi ya tsaya mata. Shi ne kuma ya je yin rajista, ya ce mace ba ta shiga turereniyar ofishin lasisi. Da ya dawo, sunansa ne a takardun.

"Ai duk ɗaya ne," ya ce mata a lokacin. "Ni da ke akwai bambanci?"

Abin da bai lissafa ba shi ne bakin unguwa. Kowa "motar Madam" yake cewa. Mai wankin mota ya faɗa, mai shagon kwana ya faɗa. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani abokinsa ya dafa shi a gaban jama'a ya ce, "Mansir, ka roƙa mana Madam ta ara mana motarta, za mu ɗaurin aure Dass." Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma da ya koma gida ko abinci bai taɓa ba.

Washegari da safe ta nemi mukulli a inda take rataye shi, babu.

"Daga yau ni zan riƙa kai ki," ya ce.

Ya kai ta kwana huɗu. A na biyar ya ce yana da aikin buga takardun ɗalibai, ta hau keke. Daga nan keke ya zama nata. Ƙarshen wata wayarta ta yi ƙara, albashi ya shigo, an zare dubu ɗari. A cikin abin da ya rage take cire kuɗin keke, da na makarantar Zinariya, da rabin cefane. Motar kuwa tana gaban shagon Mansir a lulluɓe da tamfol, ko kuma tana yawo da shi da abokansa.

Ta ɗauka tunda ya riƙe mukulli hankalinsa zai kwanta. Sai abin ya ƙaru. Da, mita yake karantawa ya san nisan da ta yi. Yanzu ba shi da abin karantawa, sai ya koma kan wayarta, da gyalenta, da lokacin da ta shigo. Sunan Malam Babayo ya fara fitowa daga bakinsa.

"Ni dai ki faɗa mini," ya ce wata rana tana tuƙa tuwo, "me zai sa namiji ya sa hannu a kan miliyan kusan biyar saboda matar wani? Haka kawai?"

"Kai ka kai masa takardar."

"Na kai. Amma ai bai yi gardama ba. Ko minti ɗaya bai yi tunani ba. Wannan saurin ne ban gane ba."

"Ya haife ni, Baban Zinariya. Babbar 'yarsa ajinmu ɗaya."

"To, kin ma san gidansa ke nan."

Ta ci gaba da tuƙinta. Ta lura duk amsar da ta bayar sai ta zama sabuwar tuhuma.

A cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, aka tura ma'aikatan ɗakinsu ƙauyen Miri su yi wa mutane gwajin zazzaɓin cizon sauro kyauta. Su tara ne a bas ɗin asibiti. Ta faɗa wa Mansir tun kwana uku kafin ranar, ta nuna masa takardar da aka rubuta sunayensu. Ya karanta, ya tsaya a kan sunan Malam Babayo, ya miƙo mata.

Suna can suna aiki a ƙarƙashin rumfa, mata sun yi layi da 'ya'yansu, wayarta ta yi ƙara wajen azahar. Dele ne, makaniken da ke duba musu motar.

"Madam, motanka yana gareji na. An jawo shi da igiya daga hanyan Miri. In ka tashi aiki ka zo ka gani da idonka."

Me ya kai motar hanyar Miri?

Da la'asar ta isa garejin. Motar tana gefe, gabanta a lotse, fitila ɗaya a fashe, gilashi a tsage, laka har saman taya. Dele ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga bonet.

"Ya faɗa kwalbati da ruwa ya karya. Wannan ba komai, ana gyara. Amma kaskon mai ya fashe a ƙasa, baƙin mai duka ya zube. Jan wuta ya kama a gabansa, Madam. Da ya tsaya a wurin, dubu tamanin ya isa. Oga bai tsaya ba. Ya ci gaba da gudu har inji ya buga."

"Me ya hana shi tsayawa?"

Dele ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa. "Masu jawo motan sun ce wai bas yake bi. Kada ya ɓace masa."

Saudatu ta matsa ta leƙa cikin injin. Ana cikin haka Malam Babayo ya iso a tsohon babur ɗinsa. Ya ji labari a bas, kuma tunda shi ya tsaya mata, ya zo ya ga irin ɓarnar. Ya yi mata jaje, ya gyara tabarau, ya leƙa cikin injin tana nuna masa abin da Dele ya nuna mata.

A haka Mansir ya same su. Ya sauko daga acaɓa da bandeji a goshi, ya tsaya yana kallonsu, kai biyu a ƙarƙashin bonet ɗaya.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙarfi. "Abin da na fita nema tun safe, ga shi Allah ya kawo mini har gareji."

Malam Babayo ya ɗago. "Malam Mansir, sannu. Ashe tsautsayi ya..."

"Kada ka yi mini sannu! Motarka ce? Matarka ce?"

"Subhanallahi. Yaro, ka ji tsoron Allah."

Masu gyara a rumfunan kusa suka ajiye sifana suka matso. Saudatu ta ce, "Don girman Allah, mu je gida." Ta kama bakin rigarsa, ya fizge. Ya juya ya ga littafin rasit ɗin Dele a kan benci, ya yage shafi ɗaya, ya zaro biro daga aljihu, ya ɗora takardar a kan rufin motar ya yi rubutu. Ya ninke, ya jefa mata a ƙirji.

Ta buɗe. Saki uku.

Gidan mahaifiyarta ta koma, a cikin gari, ita da Zinariya da akwati biyu. Ɗakin da ta tashi a ciki yanzu buhunan masara ne a rabinsa. Inna ta share mata ɗaya rabin.

Sati na zagayowa ta je ofishin ƙungiya. Sakataren ya saurare ta har ta gama, ya jawo fayil, ya juya mata shi.

"Wata goma sha huɗu kika biya. Saura miliyan uku da dubu ɗari huɗu."

"Motar ta mutu. Auren ma ya mutu. Ba za ku karɓi motar ku rage mini ba?"

"Hajiya, mu albashi muka sani, ba mota ba. Ki sayar ki kawo kuɗin, mu rage. In kuma kika bar aiki ko kika gaza, ga wanda ya tsaya miki nan." Ya ɗora yatsa a kan sa hannun Malam Babayo. "Shekara ɗaya da rabi ya rage masa ya yi ritaya. A kuɗin sallamarsa za mu cire."

Ta fito tana lissafi a zuci. Ko da motar na da lafiya, abin da za a saye ta ba zai kai bashin ba. Balle yanzu. Dele ya ce a yadda take, in an yi sa'a, miliyan ɗaya da rabi.

Aka yi sa'ar. Wani malamin jami'a ya ga motar a gareji, ya ce yana da injin da zai ɗora mata, zai biya miliyan ɗaya da rabi lakadan. Abu ɗaya ya nema, takardun asali da sa hannun mai sunan.

Ta kira Mansir. Sai a kira na shida ya ɗauka.

"Wa zai saya?"

"Wani malami ne."

"Namiji?"

"Malamin jami'a ne, Dele ne ya..."

"A ina ya san ki?"

"Bai san ni ba. Mota ya gani."

"Mota ya gani." Ya yi wata irin dariya. "Ko idda ba ki gama ba, har an fara layi. Wato ya saya, ya gyara, ya dawo ya ɗauke ki a cikinta, ku wuce ta gaban shagona. Ni kuma na sa hannu da kaina. Ki faɗa masa mai motar ya ce ba ta sayarwa ba ce."

Ya kashe waya.

Inna ce ta ce a je wajen manya. Babban gidan su Mansir shi ne Baffa Mijinyawa, ƙanin mahaifinsa, tsohon babban ma'aikacin gwamnati mai gida a GRA. Saudatu ta je ranar Asabar da hantsi. Motoci uku ne a harabar gidan, ana wanke ɗaya. Ta cire takalmi, ta zauna a kan kafet. Mansir yana can gefe, ya rame, ya bar gemu ba gyara. Tun da ta shigo idonsa yake kan lallen da ke hannunta, na sunan jaririn Dorothy.

Ta yi bayani a natse. Ta ajiye takardun albashinta goma sha biyar a gaban Baffa. Bai taɓa su ba.

"'Yata, na ji ki," ya ce. "Abin da yaron nan ya yi bai kyauta ba, na kuma faɗa masa. Amma ki dube shi. Kin ga mutumin da ke cikin hayyacinsa? Ya je wajen malamai uku yana neman a ce masa sakin nan ɗaya ne, duk sun ce ya yi haƙuri. Ba ya ci, ba ya barci. Son ki ne ya yi masa yawa."

"Baffa, sa hannu kawai nake nema."

"Ina zuwa. Kishi ai halin maza ne, kowane namiji yana da shi. Ke ma kuma, ki yi mini uzuri, kin ba da ƙofa. Matar aure, mijinki ya yi haɗari, ba ki fara nemansa kin ga jikinsa ba, sai aka gan ki a gareji da wani."

"Ban san ya ji ciwo ba. Dele mota ya ce mini."

"To kin ji. Mota." Baffa ya kaɗa kai. "Tun farko abin da ya ɓata gidan ke nan. Mace ta fi mijinta samu, ga mota, unguwa na kiran sunanta. Wane namiji ne zai ji daɗi? Da kin zo kin nemi shawarata, da na hana ki cin bashin nan."

"Shi ya ce in ci, Baffa."

"Na ce ki ci, na riƙe miki hannu ne?" Mansir ya yi magana karo na farko. "Ni ma na kashe kuɗi a motar nan. Wa ke zuba mai? Wa ya sayi taya biyu? Takarda ta ce motata ce. Takarda ta ce bashinki ne. Kowa ya riƙe takardarsa."

"To ka karɓi motar da bashinta."

"Da wane albashin?"

"To ka sake ta in sayar."

"Ki sayar wa wa?" Muryarsa ta tashi. "Lallen nan na hannunki, wa aka yi wa?"

Baffa ya ɗaga hannu. "Ya isa. Saudatu, ki ba shi lokaci. Zuciya ce, za ta sauka. In ya huce, ni da kaina zan sa shi ya sa hannu. Kada ki kai maganar nan waje, kuna da 'ya a tsakani. Gobe za a zo neman aurenta, a ce uwarta ta taɓa kai ubanta ƙara."

Da za ta tafi, ya sa aka ba ta dubu biyar kuɗin keke.

Ta ba shi lokaci. Malamin jami'a ya jira sati uku, ya sayi wata motar. Bayansa wani dillali ya zo ya taya miliyan ɗaya da dubu ɗari. Mansir ya ce a turo masa hoton mutumin tukuna. Dillalin ya ce shi mota ya zo saya, ba aure ya zo nema ba, ya tafi.

Ruwan Satumba ya shiga ta gilashin da ya tsage, kujeru suka yi funfuna. Aka sace batir. Aka sace madubai. Wata safiya Dele ya zo ya tarar an ɗora motar a kan duwatsu, tayoyin baya babu. Ɓeraye suka cinye wayoyin ciki. Ya kira ta ya ce shi ba mai gadi ba ne, kuma mai filin ya fara cajin kuɗin ajiya.

Kowane ƙarshen wata dubu ɗari na fita. Ta cire Zinariya daga makarantar kuɗi ta mai da ta ta gwamnati. Yarinyar ta yi kwana biyu tana kuka, tana tambayar ina ƙawayenta. Maganin hawan jinin Inna ya koma rabin ƙwaya a rana. Saudatu ta sayar da 'yan kunnenta na zinari, sannan firji. Ta fara sauka daga keke a rabin hanya ta ƙarasa da ƙafa.

A wannan tafiyar ƙafa ne ta gano wani abu a zuciyarta da ba ta san tana da shi ba. In mace ta wuce ta a mota, gilashi a rufe, yara a baya, sai ta ji hassada ta kama ta. Ranar da mijin Dorothy ya zo ɗaukar matarsa, ya fito ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi jaririn, Saudatu ta kasa amsa sallamar da suka yi mata. Dorothy ta leƙo ta ce, "Shigo mu sauke ki mana." Ta ce tana jiran wani saƙo. Suna tafiya ta shiga banɗaki ta yi kuka, tana istigfari. Dorothy ba ta yi mata komai ba sai alheri.

A wurin aiki Malam Babayo ya daina shiga ɗakin da take in ba da mutum na uku ba. Maganar gareji ta zaga asibitin, ta kai har gidansa. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce, "Saudatu, in abin ya fi ƙarfinki, ki bari su cira a nawa. Na yafe."

"Wallahi Malam, ko zan yi bara ba za a taɓa kuɗin sallamarka ba."

Mansir kuwa bai bar ta ba. Ta gama idda, amma sau biyu tana hango shi a tsallaken titin asibiti a kan acaɓa, yana kallon wanda za ta fito tare da shi. Ya aiko wa Inna saƙo cewa duk wanda ya zo zance gidan, shi zai karɓe 'yarsa.

A wata na biyar ta kai ƙara kotu, ba ta gaya wa Baffa ba. Zama na farko Mansir bai zo ba. Na biyu ya aiko da takardar asibiti. Na uku aka ce alƙali ya yi tafiya. Kowane zama sai ta nemi izini a wurin aiki, ta biya keke, ta zauna a benci tun safe. A na huɗu alƙali ya duba takardun albashinta ɗaya bayan ɗaya, ya saurari Dele, ya dubi Mansir ta saman tabarau.

"Ko kwabo ka biya a kuɗin motar nan?"

"Na zuba mai, ranka ya daɗe."

"Mai ka zuba, kai ka ƙone shi. Cikin kwana bakwai ka miƙa takardu, ka sa hannu a sayar."

Ya kuma yanke masa dubu goma duk wata saboda ɓarnar inji, don Mansir ya rantse shagon ba ya kawo abin da ya fi haka. Saudatu ta lissafa a zuci. Ko zai biya ba fashi, sai Zinariya ta gama sakandare bai gama ba.

Wata bakwai ke nan da faɗawa kwalbati. Babu sauran mai son motar don ya hau. Wanda Dele ya samo wani mai sayen ƙarafa ne da ke lodi zuwa Kano, ya zagaya ta sau biyu, ya buga ƙafa a jikin ƙofa, ya ce dubu ɗari biyar, ba ƙari.

Ranar cinikin Mansir ya zo da Baffa Mijinyawa, a motar Baffa. Ya riƙe ambulan ɗin takardun a ƙirji. Bai kalli Saudatu ba. Mai sayen ya nufa kai tsaye.

"Kai ne mai saye?"

"Ni ne, Alhaji."

"A ina ka san ta?"

Mutumin ya waiga hagu da dama. "Wa?"

"Matar nan."

"Yau na fara ganinta. Ni ƙarfe nake saye."

"In ka gyara, wa zai riƙa hawa?"

Mutumin ya yi dariya har da tafa hannu. "Gyara? Alhaji, wannan ai ta wuce gyara. Yanka ta za mu yi. Ƙofofi daban, giya daban, sauran a ɗora a sikeli. Kafin la'asar ba za ka gane ta ba."

Saudatu tana kallon fuskar Mansir lokacin da maganar ta shige shi. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ta ga goshinsa ya saki. Rabon da ta ga wannan sauƙin a fuskarsa tun kafin a sayi motar.

"Au, yankawa za a yi?" ya ce. "Ba wanda zai shiga?"

"Sai dai tukunyar narka ƙarfe."

"To kawo biro."

Ya sa hannu a wuri uku, da sauri, har yana tambaya ko akwai sauran inda ake bukata. Ya miƙa ambulan ɗin da hannu biyu. Masu yanka suka jawo tukunyar gas, suka kunna wuta, suka fara da ƙofar gaba.

Baffa ya matso kusa da ita yana gyara babbar riga, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Kin gani ko, 'yata? Na ce miki zai huce. Yaron nan ba shi da mugunta, kishi ne kawai. Da kin ƙara haƙuri kaɗan, da ba sai an je gaban alƙali ba. Yanzu ai komai ya wuce. Sai a yafi juna."

Saudatu ta gama ƙirga kuɗin, ta ɗaure su a leda. Daga nan ofishin ƙungiya za ta wuce da su, ko gida ba za su shiga ba.

"Baffa," ta ce, "in na kai wannan, saura miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Wata ashirin da biyu. Shi ya huce yau. Ni sai nan da shekara biyu ba wata biyu."

"Haba, Saudatu. Ai ba a..."

"Sa'ad da malamin nan ya taya miliyan ɗaya da rabi, kana zaune ka ce in ba shi lokaci. Na ba shi. Lokacin nan miliyan ɗaya ya ci, kuma a albashina za a cire. Kun ce so ne. To, ni dai ban ga wanda aka cire wa ko naira ɗaya saboda son nan ba sai ni."

Baffa ya juya ya ce wa Mansir su tafi, rana ta yi.

Suka shiga mota, aka ɗaga gilashi. Har sun kai bakin titi motar ta tsaya, Mansir ya sauke gilashinsa ya leƙo. Saudatu na tsaye tana tsayar da keke, ledar kuɗin a ƙarƙashin gyale. Keken da ya tsaya akwai fasinja ɗaya a baya, wani dattijo riƙe da kaza.

"Ke!" Mansir ya ɗaga murya, duk garejin na ji. "Ki jira wani keken. Ba ki ga namiji ne a ciki ba?"

Ta tattare zanenta, ta shiga, ta zauna kusa da dattijon, ta ce wa mai keken su je.